Sanyin bana da kurfoti a cikin ɗaki: mu tattauna kafin a sake ɗaukar wani ranga-ranga

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ya sanyi? Tun jiya nake son yin wannan rubutu, sai yau hankalina ya ɗan kwanta.

Shekaranjiya da daddare ƙanwata, wadda ɗakinta ke kallon nawa a gidan hayar da muke, ta gama tuwo a kurfoti, ta ga garwashi ya yi jajir, ta ce asara ce a zuba masa ruwa ga sanyin nan. Ta shigar da shi ɗaki, ta ajiye shi nesa da katifa don kada wani abu ya kama, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Taga kuwa dama tun farkon Disamba ta liƙe ta da leda saboda ƙura. Ita da yaranta uku, mijin yana kan hanya da mota.

Da asuba na fito alwala ban ji motsinta ba, alhali ita ce mai riga kowa tashi a gidan. Na buga ƙofa, shiru. Na sake bugawa da ƙarfi, sai na ji ana jan jiki a ƙasa. Babban yaron ne, ɗan shekara tara, ya rarrafo ya zare sakata, ya kife a bakin ƙofa yana amai. Uwar idonta biyu, tana jin kiran da nake mata, amma ta kasa ko ɗaga kai daga matashi. Ƙaramar kuwa jikinta ya saki kamar tsumma. Maƙwabta suka taya ni muka fito da su tsakar gida, mai Keke ya kai mu asibiti, aka sa musu iskar oksijin. Alhamdu lillahi duka huɗun sun farfaɗo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ni na shiga ɗakin nan da ƙafata. Babu hayaƙi ko kaɗan, babu wari, gawayin ma ya zama toka. Shi ya sa a gidan wasu suka ce gamo ne, wasu suka ce miyar ce. Likita ya ce gawayin ne. Ni abin da na gani, sanyin Kaduna bai kai ya kashe mutumin da ke cikin ɗaki da mayafi ba. Dabarun da muke yi don gudun sanyin su ke neman halaka mu, mu guje wa gara mu faɗa wa zago. Ina so mu yi maganar nan a fili, wanda ya san wani abu ya faɗa.

Baba mai ritaya, Unguwar Sarki:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ya ƙara musu lafiya. Amma 'yata, ina da ja. Ni a ƙauye na tashi, gefen Zariya, kuma duk hunturu da wuta muke kwana a ɗaki. Kakata gadon ƙasa gare ta, a ƙarƙashinsa ake zuba rushi. Ban taɓa jin an wayi gari da gawa saboda haka ba. Kada mu ɗauki abin da iyaye suka rayu da shi mu mai da shi dodo.

Malamar jinya, Kawo:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban ƙaryata ka ba. Amma ka tuna ɗakin kakar taka. Jinka ce a sama, iska na ratsa ta, tsakanin bango da jinka akwai kafa, a bakin ƙofa asabari ne ko tufaniya. Ɗaki ne mai numfashi. Na yanzu fa? Bulo da siminti, silin a sama, tagar gilashi, ƙofar ƙarfe, sannan mu bi da leda da tsumma mu toshe 'yar kafar da ta rage. Wutar ba ta canja ba, ɗakin ne ya canja.

Bari in yi bayanin abin da ya sami ƙanwar Maman 'Yan Biyu. Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ko itace ko kananzir ko fetur, idan iskar wurin ta yi masa kaɗan, yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Hayaƙin itace ma ya fi ta adalci, don shi yana korar mutum daga ɗaki. Ita kuwa in ta shiga huhu sai ta manne wa sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, kuma riƙon da take masa ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Jini yana zagayawa amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Wanda yake farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Wanda yake barci babu abin da zai tashe shi. Kuma ko ya farka, ƙafafunsa ba lallai su kai shi ƙofa ba, kamar yadda kuka ji uwar ta kasa ɗaga kai.

Garwashin da ya yi jajir ya daina hayaƙi, wanda muke cewa ya nuna, shi ne ya fi yaudara.

Baba mai ritaya, Unguwar Sarki:
To, wannan magana ta shige ni. Lallai ɗakin kakata in ka kwanta kana hango hasken wata ta jinka. Amma har yanzu ina ganin in an bar taga a buɗe babu laifi.

Malamar jinya, Kawo:
Baba, buɗe taga yana ragewa, amma ba zan iya ce wa kowa ya kwanta da garwashi don taga na buɗe ba. Cikin dare sanyi zai ƙaru, wani zai tashi cikin magagi ya rufe ta. Ga yaro mai juyi, ga gidan sauro da ke lilo kusa da wuta. A ji ɗumi a tsakar gida ko a baranda, in za a shiga barci a kashe.

Direban Keke, Rigasa:
Sista, ku yi haƙuri zan yi magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗakina rufin kwano ne babu silin, wajen ƙarfe uku na dare kwanon nan har raɓa yake ɗigowa. Yarana biyar, bargo biyu. Kuna cewa a kashe wuta, to a kashe a rufa da me? Wanda ke da bargo mai laushi da kafet ba zai gane abin da nake faɗa ba. Ni ban ce gawayi ba shi da illa ba, amma a faɗa mana abin da talaka zai yi, ba abin da zai bari kaɗai ba.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Malam, gaskiyarka, kuma mu ma ba masu shi ba ne. Ƙanwata ba ganganci ya sa ta ba, yaranta ta ji suna rawar ɗari. Ga abin da nake yi tun bara, ko zai yi maka amfani. Na lura rabin sanyin daga ƙasa yake fitowa, simintin nan yana tsotse ɗumin jiki. Na roƙi kwalaye a shagon unguwa na shimfiɗa biyu-biyu, na ɗora tabarma, sannan katifa. Bambancin a daren farko na ji shi. Yara kuma ba na dogara da bargo, don kafin tsakar dare sun yi fatali da shi. Riga biyu ko uku nake jera musu, ko tsofaffi ne, da wando dogo, da safa, da hula. Sirara uku sun fi mai kauri guda riƙe ɗumi. Suwaita da hular sanyi a gwanjon Kasuwar Barci nake tsinta, in ka je da wuri ka yi haƙurin tonawa.

Mai sayar da shayi, Hayin Banki:
Ƙari a kan na Hajiya. Ni ƙarfe huɗu da rabi nake fitowa, na san sanyin asuba. A zuba ruwan zafi a gora mai murfi mai kyau, a naɗe ta da zane, a sa cikin shimfiɗa kafin yara su kwanta. In za su hau a cire ko a tura wajen ƙafa. Kuma kada yaro ya kwanta da yunwa, ko kunu ne mai ɗumi a ba shi. Ciki babu komai sanyi ya fi kama shi.

Malamar jinya, Kawo:
Na yarda da gorar, da sharaɗi biyu. Kada a sa wa jariri ita a jiki, kada kuma a sa wa tsoho mai ciwon suga a ƙafa, don ƙafarsa na iya ƙonewa bai ji ba. Malam na Rigasa, ban raina halin da kake ciki ba. Ko buhunan da aka ɗinke aka ɗaura ƙarƙashin kwanon suna tare raɓar nan.

Direban Keke, Rigasa:
Na gode. Kwali kam zan samu yau in sha Allahu. Na buhun ma zan gwada.

Mai gyaran wuta, Panteka:
Kun tsaya a gawayi, ku bar ni in kawo nawa ɓangaren. Janareta gubar da yake fitarwa ita ce dai wadda Sista ta faɗa, kuma ya fi kurfoti yawan fitar da ita. Da rani mutane na barin shi waje. Da sanyi kuwa, ga tsoron ɓarayi ga ƙyuyar fita cikin dare, sai a ja shi cikin zaure ko lungun da ke tsakanin ɗakuna ko kicin, a rufe ƙofa. Na shiga gidaje da yawa na ga bakin salansa yana kallon tagar ɗakin yara. Inji wurinsa fili, nesa da taga da ƙofa, a ɗaure shi da sarƙa in ana tsoro.

Sai hita. Wannan ƙaramar da ake tsomawa a bokiti ita ce ta fi ba ni tsoro. Za a jona, a ɗauke wuta, a manta ba a zare ba, a fita. Wuta ta dawo babu kowa, ruwa ya ƙone, bokitin roba ya narke, labule ya kama. Kuma a hunturu komai ya bushe ƙayau, katako, katifa, silin, ga iska tana hurawa. Gobarar da za a kashe da bokiti biyu da damina, yanzu kafin a ɗebo ruwa ta haye rufin maƙwabci. In an ɗauke wuta, abu na farko a zare hita da dutsen guga. Kada a jona hita a kan 'yar siririyar waya mai baki da yawa, in ka taɓa ka ji ta yi zafi to tana gaya maka ne. Kowa ya ajiye 112, lambar kiran gaggawa, a wayarsa.

Wani ɗan uwa, Badarawa:
Duk na ji, amma mu tuna rai na hannun Allah. Wanda kwanansa ya ƙare ko babu gawayi zai tafi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Malamin Islamiyya, Unguwar Dosa:
Ɗan uwa, babu Musulmin da zai musa cewa rai na hannun Allah. Amma wanda ya koya mana imani da ƙaddara, Sallallahu alaihi wa sallam, shi ne ya hana a bar wuta a cikin gida lokacin barci. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar. Ka ga kashe garwashi kafin kwanciya ba tsoron mutuwa ba ne, bin umarni ne. Yaran da ke ɗakin kuma amana ce, ba su suka zaɓi a rufe su da wuta ba.

Wani ɗan uwa, Badarawa:
Na karɓa Malam. Allah ya sa mu dace.

Amarya mai goyo, Malali:
Don Allah Sista ina da tambaya, ko da ta ɗan kauce. Ɗana wata huɗu, kwana uku ke nan yana mura da tari. Surukata ta ce sanyi ne ya shige shi, ta ce in shafa masa man zafi a ƙirji da hanci, in sa kafur a cikin man, in kuma daina buɗe taga sam. Ina jin nauyinta, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Malamar jinya, Kawo:
Ƙanwata, ki ajiye wayar nan ki yi abu ɗaya yanzu. Ki bari ya natsu, ba yana kuka ba, ki ɗaga rigarsa, ki kalli cikinsa, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur da agogon waya. Ɗan wata biyu zuwa wata 11, in ya kai 50 ko fiye, numfashin ya yi sauri. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ne ma'aunin. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ki duba kuma ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi. In kin ga ɗaya daga cikin biyun nan, ko ya ƙi kama nono, ko yana ta barci ba ya tashi, ko ya yi jijjiga, to ba mura ba ce kawai, a tafi asibiti yau, kada a jira gobe.

Man zafi ba na hancin jariri ba ne, kafur kuwa guba ne gare shi, yana iya sa shi jijjiga. In hanci ya toshe akwai ruwan gishiri na ɗigawa da ake sayarwa a kemis. Ki yawaita ba shi nono. Zuma tana sauƙaƙa tari, amma sai yaron da ya wuce shekara ɗaya, naki bai kai ba.

Hajiya Kaka, Kabala:
Sista, ni na haifi tara na yi jikoki, kuma ina gaya miki sanyi yana shiga ƙirjin yaro. Ku 'yan boko kullum sai ku ce ƙwayar cuta. To me ya sa sai da hunturu asibiti ke cika da masu ciwon haƙarƙari?

Malamar jinya, Kawo:
Hajiya, abin da idonki ya gani gaskiya ne, da hunturu ya fi yawa. Inda muka ɗan bambanta shi ne dalili. Iskar nan busasshiya da ƙura suna busar da cikin hanci da maƙogwaro, su tsattsage shi, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Sannan sanyi na tara mu mu takwas a ɗaki ɗaya a rufe, mai tari ɗaya ya raba wa kowa. Ga hayaƙin girki da muke shigarwa ciki. Don haka a rufe yaro da kyau, na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Amma rufe ɗaki ruf dare da rana shi ke ƙara abin. In hantsi ya ɗaga a buɗe ƙofa da taga iska ta wuce, a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon a kaɗe ta ta tashi. Kuma in ciwon ya riga ya sauka huhu, bargo ba ya fitar da shi, sai magani.

Amarya mai goyo, Malali:
Na ƙirga sau biyu, 42 da 44. Haƙarƙarin ba ya lotsawa, yana shan nono sosai. Na gode Sista. Zan nuna wa mijina wannan bayanin, shi ya san yadda zai faɗa wa Mama cikin ladabi.

Malamar jinya, Kawo:
Madalla. Ki sake ƙirgawa da dare da gobe da safe, ki kuma duba katinsa kada allurar rigakafi ta wuce shi.

Hajiya Kaka, Kabala:
To tunda an zo nan, bari in tambaya da kaina kafin a zo a ce mini. Jikata za ta haihu cikin watan nan, cikin tsakiyar sanyi. Wankan jego fa? Shi ma za ku ce a bari? Mace ta haihu cikin jaura a hana ta ruwan zafi da kunun kanwa, ai jikinta ba zai taɓa komawa daidai ba.

Malamar jinya, Kawo:
Hajiya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ni ma an yi mini wankan nan kwana arba'in. Ba zan ce a bar wanka ba. Mai jego tana buƙatar ruwa mai ɗumi, da hutu, da abinci mai kyau, da tsohuwa irinki a kusa da ita. Wannan gata ne da wasu ƙasashen ba su da shi. Abin da nake roƙo a rage abu uku ne. Tafasasshen ruwan da ake fyaɗa mata da ganye har fata ta saluɓe, na sha wanke irin wannan ƙunar. Kwanciya a kan gado ko ɗaki mai wuta a ƙasa. Da kuma kanwa mai yawa safe da yamma. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga matan da suka haihu a wannan yanki namu, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin da ake gasa mai jego da shi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gama wahalar ciki wata tara sai a ƙara mata kaya. Ba ita kaɗai ke kawo ciwon ba, akwai hawan jini da ƙarancin abinci mai gina jiki, amma ita ce wadda ke hannunmu.

In mai jego ta fara haki, ta kasa kwanciya sai an jingina ta, ƙafafu suka kumbura, tana tari da dare, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata ruwan zafi. A kai ta a duba zuciya.

Jaririn kuma kada a yi masa wanka da ya faɗo. A goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula. Wanka ya jira awa 24. Bayan nan ma a daina wankan asuba, a bari rana ta fito.

Hajiya Kaka, Kabala:
Na ji na jariri, na ji na wutar ɗaki. Ruwan ma zan sirka. Kanwar ce dai ban gama yarda ba, don ita ke kawo nono. Amma zan rage hannu.

Malamar jinya, Kawo:
Yawan tsotson jariri da cin abinci da shan ruwa su ke kawo nono, Hajiya. Kunun gyaɗa da na tsamiya ma sun wadatar. Amma rage hannun ma na gode.

Malamin sakandare, Barnawa:
Ina bin ku tun safe. Ƙurar nan da muke shaƙa tafiyayya ce, iskar arewa maso gabas ke kwaso ta daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Laushin nan ne ke sa ta wuce hanci ta sauka huhu. A ajina duk shekara masu asma ne ke fara jigata. Iyaye, don Allah a sa wa yaro abin shaƙarsa a jaka, kada a bar shi a gida a kan firji. Takunkumin da muka saba da shi lokacin korona yana da amfani ranar da hazo ya yi kauri. Kuma a daina sa yaro mai asma sharar aji ko tsakar gida da sassafe.

Ina da tambaya ni ma. Na ga wani ya rubuta a wani wuri cewa a fara kula da sanƙarau tun yanzu. Ba ciwon zafi ba ne shi, na Maris da Afrilu?

Malamar jinya, Kawo:
Malam, a Maris da Afrilu yake ƙamari, amma kakarsa tun Disamba take farawa, sai ruwa ya sauka take lafawa. Dalilin shi ne dai busasshiyar iska da ƙura da cunkoso a ɗaki rufaffe. Annobar 2017 a Zamfara ta faro, tun ƙarshen 2016, cikin sanyi. Manyanmu kuma ba su manta 1996 ba, shekarar da ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ga jariri kuma maɗiga ta kumbura: wannan na awoyi ne, ba na kwanaki ba. Ana yi wa yara allurarsa a wata tara tare da ta ƙyanda da ta shawara. A 2024 kuma Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar. In an zo yi a unguwa a fito da yara.

Uwar mai sikila, Unguwar Rimi:
Ku sa mu a addu'a, mu watannin nan ba ma barci da ido biyu a rufe. 'Yata shekararta 11, sanyi kaɗan ya taɓa ta sai ciwon ƙashi ya tashi, tana kuka tana cewa a danna mata ƙafa. Abin da na koya da wahala shi ne ruwa. Da sanyi yaro ba ya jin ƙishi, iska kuma tana busar da shi, jinin ya yi kauri, ciwo ya tashi. Yanzu gora nake cika mata da ruwa mai ɗumi, in ce kafin azahar ta ƙare, in sake cikawa. Wanka sai da rana da ruwan ɗumi, alwala ma haka. Na je makarantarsu na roƙa a bar ta ta sa suwaita da safa ko ba kalar yunifom ba ce, a kuma ɗauke mata tsayuwar asambuli. Sun yarda, Allah ya saka musu.

Direban Zariya, tashar Kawo:
Allah ya ba ta lafiya. Nawa gajere ne. Ranar da hazo ya sauko, daga Rigachikun zuwa Jaji wani lokaci ba ka hango motar da ke gabanka sai ka zo dab. A kunna fitila ko da rana ne, a rage gudu, a bar wuce mota a makance. Masu ƙona daji a bakin titi kuma suna ƙara mana duhu. Fasinja, ku daina zuga direba.

Malamin allo, Rigasa:
Ina karantawa ina tunanin yaran da ke gabana. Ana maganar bargo biyu, ni akwai yaran da buhu suke shiga. Da asuba su ne ke kewaye wuta, kuma sau biyu a sanyin bara rigar yaro ta kama, irin rigunan ƙwallon nan masu narkewa a jiki. Gaskiya ni ma ina barin su su shiga zaure da garwashi, don ban san wannan guba ba sai yau. Daga daren yau an daina. Amma ina roƙon masu hali, tsohuwar suwaitar da ɗanka ya girme ta, kada ta kwana a akwati.

Malamar jinya, Kawo:
Malam, Allah ya saka. In ƙuna ta faru, a zuba ruwa mai sanyi na famfo ko na randa a wurin har minti 20, a rufe da tsaftataccen zane, a tafi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja, ban da toka.

Maman 'Yan Biyu, ki gaya wa ƙanwarki, in cikin makonnin nan ta ga mantuwa, ko ciwon kai da ya ƙi tafiya, ko wani yaro ya canja hali, su koma wurin likita, don gubar nan takan bar saura. Kuma duk wanda ya tarar da irin wannan, ya buɗe ƙofa da taga, ya fitar da mutane fili, ya nemi mota. Kada a tsaya ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, ba sa karya gubar, shaƙe shi za su yi. Mai ciki kuwa ko ta ce ta warware a kai ta, don na cikin ya fi ta jin abin.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Wallahi madarar ma an kawo a ranar, Allah ya sa ba mu tsaya ba. Na karanta mata duka. Ɗazu muka cire ledar daga saman tagarta muka bar ta ƙasa, muka shimfiɗa kwali, kurfotin kuma ya koma bakin murhu. Matan gidan mun yi magana, duk wadda ta riga tashi da asuba za ta buga wa sauran ƙofa har sai an amsa.

Malamin allo na Rigasa, ina da suwaita huɗu na 'yan biyu da suka yi musu kaɗan, da bargo ɗaya. Wa zai bi ta Tudun Wada gobe?

Direban Keke, Rigasa:
Ni zan bi, Hajiya. Bayan sallar azahar ina nan wajen Kasuwar Barci. Duk mai wani abu ya haɗo, in kai wa Malam gaba ɗaya.